Wa ke riƙe da littafin lissafin bankinmu?

Da yawanmu a wannan zaure ta WhatsApp muke sayar da littattafanmu: mai karatu ya tura kuɗi, ya aiko da shaidar biya, mu jira alat, sannan mu saka shi a gurup. Abincinmu ke nan, amma ba kasafai muke tambayar wa ya ƙera abin da ke rubuta cewa kuɗin nan ya bar asusun wata ya shigo namu ba.

Mafi yawan lokuta ba bankin ne ya ƙera shi ba. Kowane banki yana da uwar manhaja, wadda ita ce littafin lissafinsa, kuma saye yake yi daga kamfanonin da sana'arsu ke nan, yi wa wasu kamfanoni hidimar kwamfuta. A Najeriya sunaye uku suka daɗe suna cin kasuwar. Akwai Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, wanda injiniyoyi 7 suka kafa a 1981 da jarin da bai wuce dala 250 ba. Akwai Flexcube, ita ma haifaffiyar Indiya ce kafin Oracle na Amurka ya fara sayen kamfanin da ya yi ta a 2005. Sai T24 ta Temenos da ke Suwizalan. Wato mu da muka ɗauka finafinai kaɗai muke samu daga Indiya, ashe har lissafin kuɗin littattafanmu da hannunsu a ciki.

Gasar wannan kasuwa ba irin ta Kantin Kwari ba ce, inda in farashi bai yi maka ba sai ka matsa shago na gaba. Banki in ya zauna a kan manhaja ɗaya, ma'aikatansa sun koye ta, na'urorin cire kuɗi da manhajar waya duk an ɗaura su a jikinta, ga asusun miliyoyin mutane. Tashi daga nan kamar sauya harsashin gida ne alhali iyali na kwance a ciki. Shi ya sa mai sayarwa ba ya dogara da cinikin ranar farko. Ribarsa tana cikin kuɗin lasisi da gyara da sabuntawa da za a riƙa biyansa shekara da shekaru, kuma da dala.

To, abubuwa biyu suka girgiza wannan zaman lafiya. Na farko, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya tura kowa zuwa taransifa, har mai shayi da mai kayan miya. Sababbin shiga irin su OPay da Moniepoint, waɗanda ba sa ɗauke da nauyin tsohon gini, suka kwashi jama'a, manyan bankuna kuwa suka ga dole su nemi abin da zai ɗauki cunkoso. Na biyu, faɗuwar naira: dala ɗaya da take kusan 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin lasisin da bai ƙaru da ko sisi ba a wajen mai sayarwa, a wajen mai biya ya ninka fiye da sau uku.

Sai ga shi a 2024 an yi ta ƙaura. GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube. Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Sterling, da ya bar T24 ya hau SeaBaaS, manhajar da aka ƙera a gida Najeriya. A ganinmu ba kishin ƙasa ne ya buɗe wa 'yan gida wannan ƙofa ba, tsadar dala ce. Kuma buɗe ƙofa daban, shiga daban. Manajan da zai ɗora ajiyar jama'a a kan manhaja tambayarsa ta farko ita ce, wane banki ne ya shekara goma a kanta? Na Indiya suna da amsa, na gida sai sun jira shekarun sun taru, su kuma riƙe injiniyoyinsu kada albashin waje ya janye su.

Abin da ya sa muka kawo maganar nan zauren marubuta: labaranmu cike suke da Alhaji mai kamfani, amma aikinsa bai wuce sa hannu a fayil da tafiya Dubai ba. Ga yarinyar da ta karanci kwamfuta a Jami'ar Bayero, an ba ta daren Asabar ɗaya ta kwashe asusun mutane daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, asuba ta kusa, lissafi ya ƙi daidaita da naira 300, daidai kuɗin littafin ɗayanmu. Har yanzu ba mu ci karo da ita a gurup ɗin kowa ba.