Ni Na Sa Masa Mai-Raki

Ni na sa wa ɗan yayata suna Mai-raki, sunan kuwa ya bi shi. Shekararsa 15 a lokacin. Da an yi nisa a ƙwallo sai ya durƙusa ya dafe ƙirji: "Kawu, numfashina." Ni kuwa in ce, "Tashi, namiji ba ya haka." Yaro ga tsawo ga jiki, ko tari ba ya yi, wa zai kawo ciwon zuciya? Ranar da ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar gudu, ruwa na yayyafa masa, na ce rana ce da yunwa. Uwarsa ce ta ƙi jin tawa, ta kai shi asibiti.

Awon bugun zuciya bai nuna komai ba, har na soma cewa ai na faɗa. Sai da aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar. Likita ya jawo takarda ya zana mana: ita ma zuciya jini take sha, ta jijiyoyi biyu, dama da hagu, masu fitowa daga gindin babbar jijiyar da ke raba wa jiki jini. Ta hagun yaron nan daga ɓangaren dama ta fito, ta ratsa tsakanin babbar jijiyar da mai kai jini huhu. In yana zaune, lafiya lau. Da ya kwasa da gudu, manyan biyun su buɗe su matse ta, kamar an taka tiyo. Haka aka haife shi. A wasu kuma yoyo jijiyar ke yi, ta zuba jini kai tsaye cikin zuciya, yawanci ɓangaren dama, naman zuciyar ya rasa rabonsa.

Ƙarfin jikin da ya ruɗe ni ba hujja ba ne. Pete Maravich ya yi shekara 10 yana ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka. A 1988, yana da shekara 40, ya faɗi ya mutu yana wasa, binciken gawa ya nuna ba shi da jijiyar hagun kwata-kwata.

An yi wa namu tiyata, Allah ya tashi kafaɗarsa. Na roƙe shi gafara a gaban uwarsa, na kuma hana kiran sunan.

Masu horar da yara, da malaman wasanni: yaron da ya suma ko ya dafe ƙirji yana cikin gudu, ku fitar da shi daga fili, kada ya koma sai likitan zuciya ya duba shi.