Azumin da Odizor ya kayar da Vilas

Azumin 1983 ya faɗo cikin damina, shi ya sa har yau in na tuna Nduka Odizor, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ƙosan buɗa-baki ne ke fara zuwar mini. Muna samari a Kaduna lokacin, sana'armu tsintar ƙwallo a filin tanis na wani kulob ɗin ma'aikata. Manya su buga, mu bi ƙwallo da gudu ba takalmi, da magariba a miƙo mana sule bibbiyu. In an fasa sabon gwangwanin ƙwallo ya yi "fuss", har rige-rigen shinshinawa muke yi.

Kakata ba ta taɓa gane wasan ba. Takan ce, "Ɗan nan, magidanta da gemunsu, su sa gajeren wando suna korar abu kamar lemon tsami? Kuma a ce daga sha biyar sai talatin? Wane malami ya koya musu ƙirga?"

A wannan watan ne mai gadin filin ya ƙure muryar rediyonsa, muka ji cewa wani ɗan Najeriya, Odizor, ya kayar da Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko na Wimbledon. Vilas fa, wanda ya ci manyan kofuna huɗu! Sai da suka buga zubi biyar kafin a rabu. Makonni kaɗan kafin nan Yannick Noah, wanda ya tashi a Kamaru, ya ɗauki kofin Faransa, sai muka ga kamar shekarar tamu ce. Odizor ya kai zagaye na huɗu, Chris Lewis na New Zealand ya tare shi, shi kuma Lewis bai tsaya ba sai a wasan ƙarshe gaban John McEnroe.

Abin da ya fi shiga ranmu shi ne jin cewa Odizor ma da tsintar ƙwallo ya fara a Legas, kafin karatu ya kai shi Jami'ar Houston a Amurka. Daga ranar, duk wanda ya samu tsohon raket na katako sai ya ɗaure tsinkakkun igiyoyinsa, da asuba mu mamaye fili kafin masu shi su iso. A shekarar Odizor ya ci gasar Taipei, a 1984 ya hau matsayi na 52 a duniya, a 1988 ya buga wa Najeriya a gasar Olamfik ta Seoul.

Cikinmu babu wanda ya je Landan. Wani ya zama tela, wani direba, ni na ƙare a aji da alli. Filin ma yanzu shaguna ne, jikokina kuwa ƙwallon Turai suke kwana kallo a waya. Ban ga laifinsu ba, kowane zamani da gwaninsa. Sai dai ina yi musu kwaɗayin abin da Odizor ya ba mu kyauta: yaron da ke durƙushe a gefen raga ya yarda cewa wata rana shi za a tsinto wa ƙwallo.