Ƙaramin Itace Da Zafin Rana

Itace ba ya cin tuwo, ba ya shan hura. Ganyensa ne ke dafa masa abinci, da ruwa da iska da hasken rana. In babu haske, babu abinci. Amma ranar da ke ciyar da babban itace tana iya kashe ƙarami, in an fitar da shi babu shiri. Wani manomi na Ɗan Barto ya ga haka da idonsa.

Ɗan Barto tana kudu da Matamaye, a bakin iyakar Nijar da Najeriya, kan hanyar Daura. Ƙasar Matamaye tana da fadamu, ana noman rake da kayan garka. Manomin nan ma yana da ƴar garka da rijiya. Ya daɗe yana son dasa mangwaro mai aure, don iyalinsa su sami na ci da na sayarwa. Da sanyi ya wuce, sai ya sayar da bunsurunsa, ya sayo dashe 10 cikin leda. Damina kuwa da saura.

Abu biyu yake tsoro: awaki da zafin bazara. A ƙasar Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Saboda haka ya shigar da dashen cikin ɗakin da yake ajiye kayan noma. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi, babu taga. Kullum yana ba su ruwa safe da yamma, hankalinsa kwance.

Bayan wata ɗaya da rabi, abu ya canza. Sabon tofo ya fito dogo, siriri, ba ƙarfi. Ganye ya ƙi yin kore sosai. Duk kawunansu sun karkata wajen ƙofa. Ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ƙasar cikin leda ta daina bushewa, ganye ya soma zuba. Sannan ya gane haske suke nema. Sai ya kwashi 5, ya jera su tsakar gida, suka wuni cikin rana. Kwana biyu kawai, ganyensu ya ƙone kamar an kara musu wuta. Uku suka mutu.

Mahaifiyarsa tana zaune tana sussuka gyaɗa, ta ga ya tsaya ya riƙe haɓa.

Ta ce, "Yaron nan, in ka kai azumi, da tuwo kake buɗe baki?"

Ya ce, "A'a Inna, da ruwa da kunu."

Ta ce, "To su ma azumin rana ka sa su. Ka ba su kaɗan-kaɗan."

Maganar tsohuwa gaskiya ce, ga kuma dalili. Ganyen da ya fito cikin inuwa ba shi da kauri, fatarsa laushi gare ta. Bai saba da rana ba. In rana mai zafi ta same shi farat ɗaya, ruwan jikinsa yakan fita da sauri, saiwa ba ta iya mayar masa. Baƙar leda kuma tana ɗaukar zafi, ta dafa saiwar. Itacen da ke cikin duhu ba ya shan ruwa da yawa, shi ya sa ƙarin ruwa ya zame masa cuta.

Ran kasuwa manomin ya sami malamin daji, ya kwashe labari ya faɗa masa. Malamin ya ce masa ya yi rumfa. Ya kafa ta gabas da ɗaki, tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Ya shimfiɗa karan gero a sama, bai cika shi ba, haske yana ɗigowa ta tsakani. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Ya tona rami gajere, ya jera ledojin ciki, ya rufe gefensu da ƙasa da ciyawa don kada su yi zafi.

Ga yadda ya saba musu da rana. Kwana 4 na fari, ranar hantsi kawai suke sha, kamar awa 2. Daga nan, bayan kowane kwana 3, yakan zare kara kaɗan daga rumfa. Ranar azahar ita ce ta ƙarshe da ya bari ta same su. Yakan juya kowace leda sau ɗaya a mako, don kan itace ya miƙe. Kafin ya ba su ruwa, yakan sa yatsa cikin ƙasar. In da danshi, sai ya bari. Cikin mako 3 sabon ganye ya fito, kore shar, mai kauri. Ya kwashe rumfa gaba ɗaya. Da ruwa ya zauna cikin Yuli, ya dasa 7 a garka, da yamma, bayan an yi ruwa. Bunsuru bai tafi a banza ba.

Itace yana nuna abin da ke damunsa, in an duba. Wanda haske ya yi wa kaɗan yakan yi tsawo ba ƙiba, ganye ya koɗe, ya karkata wajen ƙofa ko taga. Wanda rana ta yi wa yawa, bakin ganyensa yakan bushe ya yi ja, ko ya yi tabo fari, ya yi yaushi da tsakar rana ko da ƙasa na da ruwa.

Kowane itace kuma da nasa hali. Zogale da bagaruwa da dogon yaro suna son rana tun suna ƙanana, ba su daɗewa ƙarƙashin rumfa. Gawon da ya tsiro da kansa a gona ya saba da rana tun ran da ya fito, kariya daga dabbobi da gatari kawai yake so. Bayan yunwar 1984, manoman Matamaye da Magariya da Mirya sun bar gawo mai yawa ya tashi cikin gonakinsu. Shi gawo yakan zubar da ganye da damina, gero ya sami rana. Da rani ya yi ganye, dabbobi su sami inuwa da abinci.

Akwai wani itace na ƙasashen Sin da Japan, da ɓawonsa ake yin takarda. A wasu ƙasashe ana rainonsa cikin tukunya, kusa da taga mai haske. A 1969 aka kai shi Gana don sana'ar takarda. Duk inda gobara ko sara ya buɗe daji, rana ta shiga, sai ya bazu, har ya zama fitina ga manoma. Ke nan kafin a kawo baƙon itace gida, a tambayi halinsa.

Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce a Nijar. Duk mai ƙaramin dashe cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, ya ƙidaya mako 3 kafin ranar da zai kai shi gona, ya soma ba shi ranar hantsi. Ya rage ruwa kaɗan, ya zare kara sannu-sannu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da damina mai albarka.