Yadda Kawuna yake neman ciwon waya



A farkon daminar bara iska ta taso da dare, kuran ya ɗauke a Maradi, bai dawo ba sai bayan kwana biyu. Inna ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da kuɗin ake biya mini makaranta, kuma duk abin da ke cikin firji ya narke. Wallahi na yi ta mita, har na ce ma'aikatan wuta barci suke yi, alhali Kawuna yana cikinsu.

Da ya dawo, wandonsa duk ƙarangiya, na ce, "Kawu, wai gyaran ne yake da wuya haka?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gyara ai sauƙi ne, gano wurin shi ne aiki." Babban layin da ke kawo mana wuta daga Katsina ta Gazawa na volt 132,000 ne, kuma cikin daji yake tafiya. Wa zai duba kowane turke?

Ya ce a tasha akwai na'ura mai auna ƙarfin wuta da yawan wadda ke gudu a lokacin da matsalar ta faru. Tunda an san yawan turjiyar da kowace kilomita ta waya take yi wa wuta, sai ta raba, ta ce wurin yana wajen kilomita kaza. Amma kintace ne, takan kuskure, musamman idan reshen itace ne ya taɓa wayar.

Wadda ta fi burge ni ya ce a kwas ya koye ta. Idan waya ta samu matsala, wani motsi yana fita ta ɓangare biyu da gudu kusa da na haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tashar da ta fi kusa ita ke fara jin sa. Daga ɗan bambancin lokacin ake lissafa wurin. Na kwana ina juya wannan, kamar mas'alar gado da Malam ya ba mu.

Bayan duk wannan sai an taka da ƙafa, ana ɗaga kai ana neman tangaran da ya fashe ko alamar ƙuna. A ranar, tangaran guda ne ya tsage, kuma Kawu ya ce sau biyu suna wuce turken ba su gani ba.

Ƙanƙarar Inna dai ta tafi. Bashi ta ci ta biya mini kuɗin watan.