Gyaran murhu ba aikin mata kaɗai ba ne

'Yan uwana malamai da iyaye, akwai wani abu da ke cin lokacin 'ya'yanmu mata fiye da kowane darasi, kuma ba ya cikin jadawalin makaranta: murhu. A nan Junju (Dioundiou), kamar Karakara da Zabori, yawancin gidaje da itace ake girki. Yarinyar da ta yi lattin zuwa aji, ko take gyangyaɗi da jajayen idanu, sau da yawa daga neman itace ko hura wuta ta fito.

Sabara da geza da muke yankowa a bayan gari muna yara sun yi nisa yanzu. Murhun duwatsu uku kuwa ɓarna gare shi: iska na kwashe zafin ta ko'ina, tukunya ta samu kaɗan. Tun shekarun 1980 aka fara yaɗa murhun zamani a Nijar, na laka da ake kira Albarka da na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Sai dai a gidaje da dama an gina na lakar, ya tsage, aka koma gidan jiya, don ba a koyi kula da shi ba.

A gidana ni da maiɗakina muka raba aikin. Ni ke kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, in bar shi ya kwana kamar mako guda kafin a gina. Ana gina shi daidai da tukunyar da za a ɗora, a bar 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakaninta da bango, don harshen wuta ya lashi gefenta. Idan tazarar ta yi faɗi, itace ya tafi a banza. Idan ta matse, hayaƙi ya cika madafa.

Kowace safiya a kwashe toka, domin ita ke toshe hanyar iska. Duk Juma'a ina duba jikinsa, in na ga tsaga in jiƙa wurin in liƙe da ragowar laka, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin damina kuma a yi masa rumfa, ruwa ɗaya na iya narkar da shi. Itace ya zama busasshe, faskararre. Guda biyu ko uku sun isa. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, in an sauke a kashe bakin wuta da yashi don gobe, musamman da hunturu da gobara ba ta da wuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na kashe mutane kusan miliyan 3 a shekara. Uwa da jaririn da ke goye a bayanta su ne suka fi shaƙarsa.

Shi ya sa nake roƙon malamai mu gina murhu ɗaya a farfajiyar makaranta tare da ɗalibai, maza da mata. Ku kuma iyaye maza, ku leƙa madafa yau ku duba murhun. Itacen da aka rage lokaci ne aka mayar wa 'yarku ta yi karatu. Allah Ya sa mu dace.