Maraɗi: Garin da 100 take amsa sunan ashirin

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Ka bi ta Jibiya, ka tsallaka iyaka a Magama, ka ratsa Ɗan Isa, sai ga ka a garin da zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka zauna bayan jihadi. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, gaisuwa ɗaya. Abin da ke fara rikita baƙo shi ne kuɗi.

A Nijar ba a kiran sefa da lambar da ke jikinta. Da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Tsabar da aka buga wa 25 sunanta dala biyar, mai 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, takardar 1000 kuma jaka guda. To, ku ɗauki yaro ɗan shekara biyar da ake aike sayen ƙosai. Yana ganin 100 a tafin hannunsa, kowa na ce masa ashirin ce. Gobe a makaranta a rubuta masa 100, a ce ɗari. Wa zai gaskata?

Wannan tambayar ce ta kai mu wani ajin raino a wata unguwa da ke bayan gari. Rumfar kara ce, an shimfiɗa tabarmi, yara ’yan shekara huɗu zuwa biyar sun zauna a da’ira. Mun zaci za mu tarar da allo cike da lambobi. Abin da muka tarar gwangwanin madara ne cike da marfin kwalba, da ƙwallon dabino, da tsakuwa.

Malamar ta bayyana mana cewa ba ta shigo da kuɗi cikin darasi tukuna, kuma ba ta fara da rubutu. Yaro zai ɗauki marfi ɗaya-ɗaya, yana taɓawa yana faɗin sunan, har ya gane cewa kalmar da ya tsaya a kanta ita ce yawan tarin gaba ɗaya. Wannan matakin ya fi wuya fiye da yadda manya suke zato. A gabanmu ta jera tsakuwa biyar a matse, ta jera wasu biyar a warwatse, ta tambayi wani yaro wanne ya fi yawa. Nan take ya nuna dogon layin. Ba ta tsawata masa ba. Ta sa shi ya haɗa kowace tsakuwa da ’yar uwarta, biyu-biyu, har ya ga babu wadda ta rasa abokiya.

Sai bayan haka ake zuwa ga siffar lamba, ita ma a ƙasa, da yatsa cikin yashi. Nan muka ga 3 ta juya baya, 6 da 9 suna musayar riga. Su kuma a can suna rubuta 1 da doguwar ƙugiya, suna ratsa 7 da layi a tsakiya, irin na Faransawa, don kada a rikita su. Ku ƙara da cewa yaron nan da yamma zai je Islamiyya, ya tarar biyar ta Larabci kamar sifili take. Wanda ya riga ya riƙe biyar a hannu ba zai ɓata ba, ko da wace riga ta zo masa.

Wasan da ya fi burge mu na ƙoƙo ne. Malama ta ajiye ƙwallon dabino biyar, yara su rufe ido, ta kifa ƙoƙo a kan wasu. Sun buɗe, uku a waje. Nawa ke ciki? Wata yarinya ta ɗaga yatsu biyar, ta naɗe uku, ta kalli saura, ta ce biyu. Ɗebewa ke nan, ba tare da an ambaci sunanta ba. Da aka kifa ƙoƙon a kan duka biyar, aka tambayi nawa ne a waje, sai ajin ya ɗauka baki ɗaya: babu! Haka sifili ya shigo.

Ai dama Hausa da lissafinta a baki take tafe. Wanda ya ce ashirin babu ɗaya ya yi ɗebewa, wanda ya ce goma sha uku ya yi tarawa, kuma a yankin nan har yanzu za ka ji tsofaffi suna cewa gomiya uku maimakon talatin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa, gabas da Maraɗi, a 1851, ya tarar ’yan kasuwa suna ƙirga wuri biyar-biyar da yatsu, suna tara shi tsibi-tsibi.

Mu dai abin ya sa mun tuna ƙannenmu a gida, waɗanda ke rera lambobi da Turanci daga 1 har 100, iyaye suna tafi. Ku gwada yau da dare: ku ce wa ƙaramin ya kawo cokali huɗu daga kicin. Idan ya dawo da tari a hannu yana murmushi, waƙa ya haddace, kuma ku da kuke sakandare kun fi kowa lokacin zama da shi, ko da minti goma ne, da wake ko marfin kwalba.

Wajen azahar aka tashi. Dokar ajin ita ce kowane yaro ya mayar da marfi goma cikin gwangwani kafin ya ɗauki takalminsa. Duk suka watse sai wani ƙaramin yaro da ya ƙirga nasa sau biyu, ya samu tara. Mun bar shi yana ɗaga gefen tabarma, yana neman guda ɗaya.