Gwiwar Yaranmu 'Yan Ƙwallo

A zangon Kumasi da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaron da ke mafarkin buga ƙwallo a Turai ba. Nawa ɗan ma yana cikinsu, shekararsa 16. Mu iyaye muna saya musu takalmi da riga, mu koma kasuwa, ba ruwanmu da gwiwar da ke ɗauke da duk wannan buri.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke hana ƙashin ƙwauri zamewa daga na cinya. Ta gaban ce ta fi tsinkewa. Jama'a na ɗauka sai an yi wa mutum keta, kamar yadda golan Everton ya afka wa Van Dijk a 2020. To, galibi ba wanda ya taɓa yaron. Yana cikin gudu ne ya kafa ƙafa ya juya da sauri, ko ya yi tsalle ya dira da ƙafa a miƙe, gwiwar ta karkata ciki. Sai a ji ƙas! Kafin dare ta kumbura. Takalmi mai dogayen haƙora a filin ciyawar roba, irin waɗanda ake ta ginawa yanzu, yana riƙe ƙafa a ƙasa alhali jiki ya riga ya juya. Gajiya ma na da hannu, kuma 'yan mata sun fi maza haɗari.

Ba raina mai ɗori nake yi ba, ya iya karaya, amma wannan jijiyar ba ta haɗuwa da matsa ko shafa mai. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai MRI. In aka kai ga tiyata, yaro zai yi kusan wata tara ba ƙwallo, kuɗin kuwa sai ya girgiza jarin mutum.

FIFA na da wani tsarin ɗumama jiki, sunansa 11+, na minti 20 kafin atisaye: sassarfa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa naman bayan cinya, da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe. Ko sisi ba a biya. Na je har fili na ce wa kocinsu, "Malam, ko a riƙa yin wannan aƙalla sau biyu a mako, ko ɗana ya dawo shago." Ya yi dariya, amma ranar Talata da Alhamis yanzu da shi suke farawa.